Ranar da Nwabueze Ya Wuce Zaure

A shekarar da aka yi tarzoma tsakanin Fagge da Sabon Gari, wato 1953, kasuwar keken ɗinki ta mutu murus a Kano. Wa zai yi ta ɗinki bayan an kwana huɗu ana bin mutum da adda? Wata huɗu da lafawar abin kowa ya koma nemansa, amma a ɗarare ake. Mutumin Sabon Gari ba ya ratsa Fagge sai dole, in ma ya ratsa, idonsa na ƙasa, ƙafarsa na sauri.

Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai kantin wani Bature mai shigo da kekunan ɗinki na hannu, irin waɗanda ake juyawa da mariƙi. Masu yi masa talla su takwas ne, shugabansu Tajudeen. Bayarabe ne, amma a Fagge aka yanke masa cibiya, ubansa ya zo daga Ogbomosho da fataucin goro tun yana saurayi. Tajudeen na jin Hausa kamar kowane ɗan unguwa, yana jin Turanci, kuma mutum ne mai son a ce ya iya. Ya iya ɗin, ba a hana shi ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya tsaya ya dubi wanda yake koya wa.

Wata Litinin Baturen ya kira shi ofis, ya miƙa masa wani ɗan littafi da aka aiko daga Ikko kan dabarun talla. Ya ce ya horar da yaransa da shi, a riƙa juya musu unguwanni don kada kowa ya maƙale a layinsu, kuma duk wanda wata ya ƙare bai sayar da keke ko ɗaya ba, a sallame shi. Tajudeen ya karɓa da hannu biyu. Kafin ya kai ƙofa har ya fara jin kansa malami.

Kowace safiya kafin a buɗe kanti sai ya tara su a sito, tsakanin akwatuna. Ya koya musu abubuwa masu amfani, gaskiya ce wannan: yadda ake zura zare a allura baki na ci gaba da hira, yadda ake barin mai saye ya gama kushe kaya tas kafin a ba shi amsa, da kada a ambaci kuɗi sai ɗinki ya fita mutum ya shafa da yatsa. Amma darasin da ya fi shiga ransa shi ne na ƙofa. Ya ja dogon layi da alli a kan siminti ya ce wannan bakin ƙofar gida ne. Shi zai tsaya a matsayin maigida yana ɓata rai, sai Abdulgani, wani mai talla mai son raha, ya yafa tsumma a ka ya zauna can baya a matsayin matar gida.

"Wanda ya tare ka a ƙofa ba shi zai yi ɗinkin ba," in ji Tajudeen, yana buga littafin a tafin hannunsa. "Ka wuce da fara'arka, ka nemi mai ɗinkin, ka ɗora hannunta a kan mariƙi. In ta juya sau uku ta ga allura na gudu, ciniki ya faɗa."

Musulmin cikinsu suna yi suna dariya, sun san wasan Bature ne. Sun san a gidajen haya na Sabon Gari ake haka, inda tsakar gida ta kowa ce, mai talla ya shiga har gindin murhu. A Fagge kuwa a zaure ake sauke kaya, maigida ya shiga da su da kansa, ko a turo tsohuwa ta gani. Namijin da ba muharrami ba ba ya wuce zaure ko da gidan na ci da wuta, sai an ce ya shigo. Babu wanda ya faɗi wannan a sito, domin babu wanda ya ga abin faɗa a ciki.

Mutum ɗaya ne ba ya dariya, Nwabueze. Ibo ne, mako shida da saukarsa daga jirgi, bayan tarzoma ma ya zo, don haka labarinta kawai ya ji a bakin maƙwabta. Malamin makaranta ne a ƙauyensu kafin a rufe makarantar, dogo mai ɗan ranƙwafawa, muryarsa a ƙasa. Matarsa Nneka da 'ya'ya biyu suna ɗaki ɗaya a Sabon Gari suna jiran abin da zai kawo. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode da 'yan kalmomin kasuwa ba, da Turanci suke magana da Tajudeen. Duk sanda aka zo kansa, zai taho da keken a rungume, da ya iso layin alli sai ya ja ya tsaya, yana jiran a ce masa bismilla. Tarbiyyarsa ce haka, ba wani ya koya masa ba.

Wannan tsayawar ta riƙa ci wa Tajudeen rai. "Malamin makaranta, alli kake tsoro? Ba da shi ka ci abinci shekara goma ba?" Sito ya ɗauki dariya. "Koma. Sake tahowa."

Sau goma ya mayar da shi a safiya ɗaya. A na goma Nwabueze ya cije, ya tsallake layin da murmushin da aka koya masa, ya wuce Tajudeen kamar bai gan shi ba, ya kamo hannun Abdulgani ya ɗora a kan mariƙi. Abdulgani ya yi fari da ido yana kwaikwayon kunya, kowa ya riƙe ciki. Tajudeen ya tafa masa, ya ce yau ya zama mai talla. Ranar ya koma gida yana jin daɗin kansa ƙwarai, har ya ba matarsa labarin yadda ya cire wa wani tsoro.

Ranar Alhamis, saura kwana uku wata ya ƙare, Nwabueze kaɗai ne bai sayar da komai ba. Tajudeen ya haɗa shi da Abdulgani, ya rubuta musu gidaje biyar a Fagge inda ya san matan na ɗinki, har da kwatance dalla-dalla. A zuciyarsa taimako ya yi: Abdulgani zai yi magana a zaure, in an saya a rubuta da sunan Nwabueze. Bai faɗa wa Nwabueze wannan ba shi ma.

Washegari Juma'a Tajudeen ya wuni a tasha yana karɓar akwatunan da jirgi ya kawo. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ya dawo kanti a gurguje don ya sa rigarsa ya bi sawun masu shiga birni salla. Ya tarar da maigadi shi kaɗai a inuwa yana tauna goro.

"Dogon nan ya fita da keken gwaji," in ji maigadi.

"Shi da Abdulgani?"

"Ina. Abdulgani tun hantsi ya ce masa a bari sai gobe, yau Juma'a ce, ya tafi wanka. Shi kuwa ya zauna, ya zauna, yana ta duba takardar nan. Da ya ga kowa ya watse sai ya ɗaure keken a bayan basukur. Na ce ina zuwa, ya nuna Fagge, ya ce mini da 'yar guntuwar Hausarsa wai maza sun tafi salla, hanya lafiya." Maigadi ya yi 'yar dariya. "Ka ji wayo."

Tajudeen bai yi dariya ba. Ya tsaya da rigar a hannu. Mutumin da ke tsoron mazan Fagge ya zaɓi lokacin da babu maza a titi, bai san lokacin ne babu maza a gidaje ba. Zai yi sallama, ba wanda zai amsa. Da can sai ya tsaya. Amma an cire masa tsayawar, kuma Tajudeen ya san wanda ya cire.

Ya jefar da rigar, ya fizgi basukur ɗinsa. Bai sha wahalar tunanin inda zai nufa ba, shi ya rubuta takardar. Gida na farko a ciki na Malam Kyari ne, Babarbare mai fataucin kanwa, ƙofa uku tsakaninsa da gidan uban Tajudeen.

Titunan Fagge fayau, sai awaki da 'yan tsofaffi a gindin katanga. Yana taka basukur yana addu'ar Allah Ya sa tayar Nwabueze ta yi faci, Allah Ya sa ya ɓata hanya, Allah Ya sa tsoro ya mayar da shi. Abin da ya gani a watan Mayu, lokacin tarzomar, ta kafar ƙyauren zaurensu ya dawo masa, mutumin da aka tare a kwanar masu gyaran fitila, da yadda takalminsa ƙafa ɗaya ya kwana biyu a wurin ba wanda ya ɗauke. Wancan mutumin wucewa kawai ya zo yi.

Tun daga bakin lungu ya hango basukur ɗin kamfani jingine da bangon Malam Kyari, igiyar da aka ɗaure keke da ita na reto. Maza kamar bakwai na tsaye a ƙofar: ɗan garuwa da ya ajiye garewaninsa a tsakiyar hanya, 'yan dako biyu, wani mahauci da bai ko cire wuƙa daga ƙugu ba, da wasu da bai tsaya ganewa ba. Daga cikin gida ana jin kukan mace, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya gaji da ihu.

"Da idona na gan shi," ɗan garuwa ke faɗi, da alama ba karon farko ba. "Ya tafa hannu a zaure sau uku, sai kawai ya sa kai. Inyamiri ne, da wando da kwat."

Tajudeen ya ratsa su. Sun san shi, ɗan gidan mai goro ne, ba wanda ya tare shi. Ya shiga zaure ya tsaya daidai ƙofar ciki inda aka saki asabari, ya yi sallama.

Can sai ya ji jan takalmi. Inna Zaituna ce, mahaifiyar Malam Kyari, tsohuwar da ta san shi tun yana yawo ba wando. Ba ta ɗaga asabarin ba.

"Wane ne?"

"Inna, ni ne, Taju."

"Taju, naka ne wannan?"

"Nawa ne, Inna. Yana da rai?"

"Yana ɗakin kanwa, na sa kwaɗo, ɗan makullin na bakin zanena. Na fasa masa goshi da muciya, ban sani ba ko ya suma." Ta ci gaba: "Yarinyar nan, matar ɗana, na zaune ina yi mata kitso, kanta a buɗe. Sai ga mutum tsaye a kanmu yana washe baki. Ya kife turmi, ya ɗora wani ƙarfe a kai."

Tajudeen ya dafa bango. Akwai tambayar da ba ya son yi, amma dole. "Inna, ya taɓa ta?"

"Ya kama wuyan hannunta," in ji tsohuwar, a hankali yadda na waje ba za su ji ba. "Ban faɗa wa kowa ba. Maƙwabta sun ji ihu ta katanga, shi ke nan. Amma ɗana zan faɗa masa, ba zan ɓoye masa abin gidansa ba."

"Inna, ki buɗe shi in fita da shi kafin a sauko."

"Ta ina? Gidan nan ƙofa ɗaya ce. Leƙa ka gani."

Ya leƙa. Bakwai ɗin sun zama ashirin. An sauko daga masallaci, fararen riguna na shigowa lungu biyu-biyu, uku-uku, kowa ya iso sai ya ja ya tsaya, ɗan garuwa ya sake ba da labari, labarin kuma na ƙara ƙiba a kowane baki. Kafin minti goma an ce da wuƙa ya shiga. Wani ya ce ba shi kaɗai ba ne, turo shi aka yi daga Sabon Gari a gwada mutane. Wani saurayi da aka kashe wa wa a watan Mayu ya iso da taɓarya, idonsa jajur, shi ya fi tsorata Tajudeen a kan duk masu surutun.

"A fito da shi," in ji mahauci.

Suka matso har dokin ƙofa, wasu suka cika zauren, kafaɗa na gugar kafaɗa, warin gumi da turaren Juma'a suka haɗu. Tajudeen ya juya ya ba asabari baya. Ba ƙarfinsa ya tsayar da su ba, mutum ɗaya ne siriri. Asabarin kara ne, yaro ma zai yaye shi da hannu ɗaya. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya miƙa hannu, har mai taɓaryar. Gidan mutum ne, matarsa na ciki, maigida ba ya nan. Suka tsaya suna huci suna jiran mai gidan.

Malam Kyari ya iso da buzunsa a hammata. Gajere ne, baƙi, da tsagen Barebari a kumatu, mutumin da za ka shekara kana gaishe shi ba ka ji dariyarsa ba. Aka dare masa hanya, kowa na faɗa masa a lokaci ɗaya. Bai tambayi kowa komai ba. Da ya ɗaga hannu zai miƙa wa wani buzun, hannun rigarsa ya zame, Tajudeen ya ga wuƙar damtse a ɗaure a inda fatake ke ɗaure ta.

Tajudeen ya durƙusa. "Malam, don Allah ka saurare ni, ni ne..."

Malam Kyari ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗaga asabari ya shige, asabarin ya koma ya rufe.

Zaure ya yi tsit. Aka ji muryar tsohuwa tana magana da Barbarci, doguwar magana, sannan kukan matar ya ƙaru, sannan ya tsaya. Aka ji ƙarar kwaɗo. Daga nan ba a sake jin komai ba. Tajudeen na durƙushe a inda yake, yana kallon ƙasa, yana sauraron ƙarar da ya tabbata za ta zo. Ya tuna Nneka, wadda sau ɗaya ya taɓa ganinta, ranar da ta kawo wa mijinta abinci a kanti ta rusuna ta gode masa da ya ɗauki mijinta aiki. Ya yi ƙoƙarin karanta wata addu'a, ta kuɓuce masa a tsakiya, ya sake farawa, ta sake kuɓucewa.

"Taju." Muryar Malam Kyari ce daga bayan asabari. "Kai kaɗai. Nan zaure na biyu."

Ya shiga da rarrafe kusan. A ɗan ƙaramin zauren ciki Nwabueze na tsugune jikin bango, kanwa ta yi masa fari fat daga gashi har takalmi, jini ya bi ta gefen hancinsa ya bushe. Da ya ga Tajudeen sai idonsa ya kawo ruwa, ya yunƙura zai miƙe, Malam Kyari ya ɗaga yatsa ɗaya, ya koma ya tsuguna.

"Ba na jin yarensa," in ji Malam Kyari. "Tambaye shi wa ya ce ya shigo mini gida."

Tajudeen ya tambaye shi da Turanci.

"Oga, na tafa sau uku," in ji Nwabueze. "Ba wanda ya zo. Na yi fara'a. Ban ɗaga murya ba. Ka gaya masa ni ba ɓarawo ba ne, takardar kamfani na aljihuna."

Bai ambaci sunan kowa ba. Tajudeen ya lura da haka, ya kuma lura cewa duk abin da ya ce an faɗa, shi ne aka faɗa, ba mai ƙaryata shi. Yana iya cewa mutumin ya sha giya, ko yana da taɓin hankali, kamfani ma bai san da fitarsa ba. Gidan ubansa na nan ƙofa uku, tsohon ba ya ko iya tafiya sosai, kuma mutanen da ke zaure su ne waɗanda zai ci gaba da bin sahu ɗaya da su har ya mutu. Maganar ta zo masa har baki, a shirye, da daɗin faɗa. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Malam, ni na ce masa. Ni na rubuta masa gidanka. Mako uku ina koya musu in sun je gida kada su tsaya a ƙofa, su nemi mai ɗinki su ɗora hannunta a kan keke. Shi da kansa tsayawa yake yi, ni na yi ta yi masa dariya a gaban mutane har ya daina. Baƙo ne, bai san komai na garin nan ba. Abin da na sa shi ya yi."

Malam Kyari ya dube shi a karon farko. "Kai da aka haifa a layin nan?"

"Ni, Malam."

"Shekara ashirin ina cin goro da ubanka, ban san launin ƙasar tsakar gidanku ba. Ka koya masa shiga, ba ka koya masa inda ba a shiga ba?"

"Ban ɗauka abin faɗa ba ne."

A waje surutu ya fara tashi kuma, wani na buga ƙyaure da tafin hannu.

"In na tura shi waje, a ƙofata za a yanka shi," in ji Malam Kyari, kamar da kansa yake magana. "Daga yau har a tashi duniya duk wanda ya wuce zai nuna gidan nan ya ambaci matata. Kuma kafin magariba an fara ƙone-ƙone." Ya sunkuya ya damƙi wuyan hannun Nwabueze ya miƙar da shi tsaye. "Ka bi bayansa. Ka ce masa kada ya buɗe baki, kada ya yi gudu."

Da asabari ya ɗaga aka ga mutumin fari fat da kanwa, da jini a fuska, zauren ya ɗauki gurnani. Mai taɓarya ya matso taku ɗaya. Malam Kyari bai tsaya ba sai da ya zo gab da shi.

"Gidan wa aka shiga?"

Ba wanda ya amsa.

"Na ce gidan wa aka shiga?"

"Naka, Malam," in ji mahauci.

"To ku ba ni hanya."

Suka ba shi, ba da son ransu ba, 'yar siririyar hanya wadda sai an goga jiki. Malam Kyari a gaba, Nwabueze a hannunsa, Tajudeen a baya ya buɗe hannuwa kamar mai kora kaji, yana rufe bayan mutumin da jikinsa. Taron ya biyo su. Tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba ce zuwa babban titin da ya raba Fagge da Sabon Gari, amma Malam Kyari ya ƙi ɗaga ƙafa, tafiya yake irin ta mai dawowa daga kasuwa. Tajudeen na jin takun mutane a bayansa, ɗaruruwa yanzu, yana jin tsakiyar bayansa na tsuma yana jiran ƙarfe. A kwanar masu gyaran fitila dutse ya sauka a kafaɗarsa, ya ji har haƙori. Na biyu ya wuce ta gefen kunnen Nwabueze. Malam Kyari ya tsaya cak, ya juya, ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya har sai da hannuwa suka sauka, sannan ya ci gaba.

Da suka fito bakin titi Tajudeen ya ga abin da ya fi tsoro. Labari ya riga su tsallakawa. A ɗaya gefen mazan Sabon Gari sun fara taruwa a gaban rumfunan kafintoci, wasu da guduma, wasu da guntayen katako, suna kallo. Titi ne kawai a tsakani, babu ɗan doka ko ɗaya, sai wata akuya da ke tsallakawa abinta.

Malam Kyari ya kai su har tsakiyar titin, inda kowane gefe zai gani da kyau, sannan ya saki hannun. Yatsunsa sun bar sawu huɗu a cikin farar kanwar. Ya matso kusa da Tajudeen, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kada ka ɗauka na huce. Tun da na buɗe ɗakin nan nake son in sa masa wuƙa, har yanzu ina so. Da na riƙe shi, hannuna nake riƙewa. Ku tafi kafin in gaji. Kai kuma kada in sake ganin ƙafarka a zaurena."

Ya juya ya fuskanci mutanen Fagge, ya tsaya a nan bai motsa ba, hannuwansa a baya.

Tajudeen ya kama gwiwar hannun Nwabueze suka ci gaba, taku ɗaya bayan ɗaya. Na gaba suka ga nasu na tafe da ƙafarsa, gudumomi suka fara sauka a hankali. Saura 'yan taku su kai inuwar rumfuna Nwabueze ya yi magana.

"Oga, keken kamfani na can. Za su cire ni?"

"Taka dai. Kada ka waiwaya."

Nwabueze ya yi taku biyu, ya tsaya. Hawaye sun yi masa layi biyu a cikin kanwar, yana kallon Tajudeen da idon ɗalibin da ya yi duk abin da aka ce kuma aka doke shi.

"Oga, don Allah ka gaya mini. Me na yi?"

Tajudeen ya buɗe baki. Mutumin da ya yi mako uku yana zuba a sito ya nemi kalma ɗaya ta Turanci ko ta Hausa ya rasa. Ya zauna daɓas a bakin kwata da kayan aikinsa, a gaban mutanen Sabon Gari duka, ya rufe fuska da tafukansa. Nwabueze ya tsaya a kansa yana jiran amsa.